Kada Ka Ƙara Aiko wa Jabiru Maganin Nan

Yaya Mas'ud,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya kai da iyali, Allah Ya tsare ku a Fatakwal, Ya ƙara rufin asiri. A Mabai kowa lafiya, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi. Ni kuwa daga asibiti a Zariya nake rubuto maka, ina jinyar ƙanenmu Jabiru.

An gaya maka ɓarayin daji sun sako shi, amma an ɓoye maka yadda ya dawo. Ka san gyambon hanjin da yake fama da shi shekara da shekaru. Tun ranar da suka tare shi a hanyar kasuwar Yankara cikin ya tashi. Duk sa'ad da ya roƙi ya zaga sai su ce gudu zai yi, su sa masa gindin bindiga. Sun fasa masa kai, sun zubar masa da wasu haƙora, suka bar shi a ɗaure cikin jininsa da ƙazantarsa. Da muka aika masa abinci sai muka haɗa da fararen ƙwayoyin nan da kake aiko masa. Ashe barkatai ya riƙa haɗiyarsu, don cikin ya yi shiru a daina dukansa.

Da ya dawo gida, ga zawon jini ga zazzaɓi. Muka ɗauka tsohon ciwon ne, muka ƙara masa maganin kamar yadda aka saba, abin sai gaba yake yi. A nan likitoci suka zura masa na'ura mai kyamara, suka ga hanjin duk ya ɓuɓɓurme, suka ɗan gutsiri naman wurin suka gwada. Suka ce wata cuta ce daban, bairos, wadda ke kwance a jikin mutane da yawa ba ta komai. Maganin nan da kake aikowa yana rage garkuwar jiki, shi ya tashe ta. Yanzu safe da yamma ana sa masa nata maganin ta jijiya, fararen kuma ana rage su sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya ma haɗari ne. Likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri, in jinin bai tsaya ba sai an yanke hanjin.

Shekaranjiya matarsa Rukayya ta gano ya ɓoye wasu fararen ƙwayoyin a cikin hularsa, yana sha a asirce. Da ta kai hannu ya murɗe ta har ta yi ƙara, ya gantsara mata cizo. Raina ya ɓaci, na sharara masa mari a gaban mutane, na koma waje na yi kuka. Abin da yake ta maimaitawa shi ne Yaya ne ya aiko, Yaya ba zai cuce shi ba.

To, Yaya, kai kaɗai yake jin maganarka. Na san don ƙauna kake aikowa, amma ka daina. Ka kira shi yau, ka ce da bakinka ya miƙa wa likita sauran.

Ka gaishe da Anti Zulaihatu da su Adnan. Ka sa shi a addu'a, don har yau, ga ban ɗaki kusa da gadonsa, ba ya tashi sai ya kare kansa da hannu ya nemi izinina.

Ƙanwarka,
Barakatu