Tafintar Gidanmu Tana Rage Maganar Malama

Yaya Sushila, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle, saura kaɗan in yanki tikitin jirgi.

Ni mai gasa gurasa ne a wani gidan abinci a Nagoya, nan ƙasar Japan. Daga garin Baglung, can ƙasarmu, na zo, daga baya na kawo matata Dilmaya da 'yarmu Samikshya, wadda yanzu take da shekara goma sha huɗu. Japanancina bai wuce "sannu da zuwa" da "yaji kaɗan ko da yawa?" ba. A gaban tanderu nake yini, shi kuwa ba ya koyar da yare. Dilmaya tana aiki inda ake zuba abinci a kwali, can ma kowa bakinsa a rufe. Saboda haka Samikshya ce bakinmu. Ofishin gunduma ita, mai gidan haya ya zo faɗan shara ita, asibiti ma ita.

Duk ƙarshen zangon karatu mukan je ganin malamarta, Malama Kuwabara. Matar nan ta yi ta zuba bayani, fuska ba walwala, sai yarinyar ta juyo ta ce, "Baba, wai ina ƙoƙari, a ci gaba da haka." Ni kuma in yi ta sunkuyawa ina godiya. Na taɓa tambayarta ya aka yi maganar ke da tsawo, fassarar kuma guntuwa. Ta ce haka Japananci yake, rabinsa ladabi ne. Har waya na yi wa tsohuwata ina cika baki.

To wannan karon makaranta ta gayyato wata tafinta 'yar ƙasarmu, ba mu sani ba. Yaya, da ƙasa ta tsage da na shige. Ashe tun bara malamar ke cewa yarinyar ba ta cin abincin rana da kowa, rabin yini tana kwance a ɗakin jinya wai ciwon ciki, ga fashin makaranta, wanda yawanci mu ne muka ja ta zuwa wani ofis. Malamar ta ce abin ya soma ne bayan yarinyar ta raka uwarta asibiti. Cikin Dilmaya ne ya lalace a lokacin. Yarinyar likita ya gaya wa, ita kuma ta gaya wa uwar. Ban taɓa tunanin wannan ba, ni dai na ga sun dawo gida.

A hanya na rufe ta da faɗa. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "Baba, da na gaya maka, wurin wa za ka kai kuka? Ai ni ce dai zan sake fassarawa."

Abokin aikina Tek Bahadur ya ce in mayar da ita ƙauye wurin kakarta, Japan ce ta ɓata ta. Dilmaya ta daina kula ni tun da na ambaci zancen. Yarinyar kuma ko rubutun yarenmu da ƙyar take haɗawa yanzu. Amma ƙarya fa ta yi mini, a gaban mutane! Me zan yi?

Mai Tanderu, Nagoya

*

Ƙanena Mai Tanderu,

Da farko ka bar tikitin nan inda yake. Kai ne fa ka ɗauki yarinya aikin tafinta, ba hutu, ba sallama, sannan ka aike ta ta kai ƙarar kanta wurinka. Ko ni aka ba wannan aiki, rahoton da za ka ji ke nan: Sushila tana ƙoƙari.

Ban ce ɓacin ranka ba shi da tushe ba. An bar ka kana godiya inda ya kamata ka yi tambaya, wannan da ciwo, kuma ka gaya mata haka cikin natsuwa. Amma ka duba abin da ta ɓoye. Ba yawo ba ne, ba saurayi ba. Ciwonta ta ɓoye, don ta ga wuta ta ishe ka. Wadda Japan ta ɓata ba haka take yi ba. Tek Bahadur kuwa, ya riƙe ludayinsa.

Ka sallame ta daga aiki, da bakinka, a gaban uwarta. Daga yau asibiti da ofis ba nata ba ne, lokacin karatunta haƙƙinta ne. Makarantar da ta nemo tafinta sau ɗaya za ta iya nemowa kullum, ka roƙa. Ka kuma tambaya a ofishin gunduma inda baƙi ke samun masu fassara da ajin koyon yare na 'yan sa-kai. E, kai nake nufi da ajin. Hannun da ke shiga tanderu ya fito lafiya ba zai gagara riƙe fensir ba.

A kai yarinyar likita ya duba ciwon cikin nan, da babban mutum mai fassara. In an ce ba komai, kada ka ce ƙarya take, damuwa ma a ciki take sauka. Ka nemi ta riƙa ganin mai ba ɗalibai shawara a makarantar, kuma kada ka tsare ta da "me kika ce masa?"

Babban aikin shi ne na ranar asibitin nan. Ku zauna ku uku. Dilmaya ta gaya mata cewa ba laifinta ba ne, kai kuma ka ce bai kamata a ɗora mata wannan labari ba. Ba sai ka iya jawabi ba, ka zauna kawai kada ka tashi.

Ƙauye kuma, ku je hutun bikinmu na Dashain gaba ɗaya, kakarta ta cika ta da abinci, ku dawo tare. Kada ƙasarta ta zama wurin horo.

Ranar da ka ji ta tana gardama da uwarta kan waya ko tsawon siket, ka yi hamdala, ta koma aikin da ya dace da shekarunta. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sanyaya muku gida.

Yayarka,
Sushila