Awarwaron Inna a Babi na Bakwai

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara, Ya kuma ƙara wa Inna sauƙin ƙafafun nan nata, Ya saka miki da alheri kan ɗawainiyar da kike yi da ita. Mu nan lafiya lau. Baban yara yana nan a shagonsa na gyaran agogo, ido ya fara ja da baya amma ya rantse tabarau ne ya tsufa, ba shi ba. Babbar 'yarki ta gama jarrabawa, ta dawo gida ta zame mana alƙaliya a kan gishirin miya.

Na san labari ya riga wasiƙata isowa, don Yaya ba ya iya fushi shi kaɗai, sai ya bi dangi da waya ya raba wa kowa nasa kason. To ga zancen daga bakina. Littafin da na rubuta a kan gidanmu yana madaba'a, kuma babi na bakwai yana ciki. Babin ya faɗi abin da manyanku muka sani muka yi gum: a shekaru goma sha ɗaya na ƙarshen rayuwarsa, Baba bai ɗinka ko hula ba. Idonsa ya tafi. Inna ce ke taka keke a ƙuryar ɗaki, shi kuma yana shago da tef a wuya, yana awo da laluben hannu, yana karɓar yabon masu kaya. Ke a farkon lokacin kina goye, a bayanta kika yi barcin rigunan nan da yawa.

Kar ki ɗauka jarumta ce ta tashe ni da safe. Da farko ƙaryar gidanmu na rubuta tsaf, na ɗora Baba a kan keke har shafi tara. Kin san al'adata, duk babin da na gama sai na ɗauki kujera na je shago na karanta wa baban yara, yana aiki yana saurare, ko kai ba ya ɗagowa. Ranar ina cikin karatu sai na ga ya ajiye ɗan sukundirebansa, ya tambaye ni wai tun yaushe Baba ya fara sa awarwaro. Na duba takardar. Ashe wajen bayyana ƙarar keken na rubuta yadda muke jin ta daga tsakar gida, tana tafe ƙarar awarwaro na bin ta. Ban san lokacin da na rubuta ba. Haushi ya sa na nannaɗe takarduna na ce masa ya tsaya a kan agogonsa. Bai ɗaga murya ba, ya ce ko dai in cire awarwaron ko in fito da mai su, amma in na cire, in nemi wani mai sauraren. Kwana biyu ban kula shi ba, a na uku na yage shafi taran na fara sabo. Shekara ashirin da biyu da aurenmu bai taɓa yabon rubutuna da baki ba, amma ban san soyayyar da ta fi tambayar nan ba.

Don girmamawa na aika wa Yaya babin kafin kowa. Ya zo ya tsaya a ƙofar falo, ya ƙi zama, ya ƙi ruwa. Ya ce na tona asirin mamaci, na mai da ubanmu abin dariya, kuma muddin littafin ya fito da wannan babi, ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidana ba. Na ce masa ban ga abin dariya a wajen mutumin da kullum yake fita cikin duhu ya zauna a shago don kar 'ya'yansa su tagayyara ba. Na tuna masa yadda Baba ke shafa ɗinkin Inna da babban yatsa yana cewa duk layin babu mai hannunta, a ɗaki dai, ba a waje ba. Na kuma ce rigar aurensa, shi Yaya, da yake nuna wa 'ya'yansa a matsayin ɗinkin Baba na ƙarshe, ya san sarai wace ce allura ta soka a kanta. Nan ya juya ya fita.

Ba zan ɓoye miki ba, Auta, na yi kuka bayan fitarsa, kuma ina jin tsoro. Yaya ne ya riƙe hannuna ya kai ni makaranta, shi ya fara ce mini marubuciya tun ana yi mini dariya. Ina son sa, rashinsa zai yi mini ciwo. Amma ba zan cire ba. Ko kawunai da gwaggwanni za su yi layi a ƙofata, shayi kawai za su sha su koma.

Ki gaishe mini da maigidanki, da Gwaggo Ƙarama in ta leƙo, da tagwayenki masu cinye mini biro. Baban yara da 'ya'yanki suna gaishe ku.

Mai madaba'a ya ba ni zuwa ƙarshen wata kafin ya ɗora a inji. Ga babin nan na haɗo miki a ambulan. Ki zaunar da Inna ki karanta mata, daga farko har ƙarshe, ba gaban kowa ba. Ita kaɗai ce a duniya za ta ce in cire in cire, ba tare da na tambayi dalili ba. Sunanta na yanka yana layin farko, kuma na san bakinki zai yi nauyi. Kar ki tsallake shi. Ko da za ta ce a ƙona takardar, sai ta fara jin an kira ta da aikinta sau ɗaya.

Taki har kullum,
Yayarki mai taurin kai