Motar Surukina Tana Ƙwanƙwasa, Shi Kuma Ya Ce Rurin Raƙumi Ne

Assalamu alaikum, Malam. Don Allah ka taimake ni da shawara kafin haushi ya kashe ni, ko mota ta kashe mu gaba ɗaya.

Ni shofer ne a nan Zango ta Damagaram. Motar da nake tuƙawa ta surukina ce, uban matata Ramlatu. Ba zan kama sunansa ba, ka san dalili. Tsohon madugu ne, ƙuruciyarsa duk a bayan raƙuma ya yi ta tsakanin Agadas da Kano. Da ayari ya ja baya sai ya sayar da ragowar raƙumansa, ya sayi wata tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, a gwanjon soja, irin waɗanda suka rage daga yaƙin duniya, ya ce a ba ni in riƙa yi masa jigilar gyaɗa da gero. Ya yi mini alheri, ban musa ba. Amma Malam, shi fa har gobe a wurinsa raƙumi ya saya. Ranar da motar ta iso ƙofar gida, ƙarfe ya sa aka gasa a wuta, aka buga mata tambarin raƙumansa a katakon bodi.

Tun ƙarshen cinikin gyaɗa moter ɗin, wato injin motar, ya fara wata ƙara. Motar nan dama ba ta taɓa yin shiru ba, ƙofa na karkarwa, bodi na kuka, duk na san muryarsu. Wannan daban ce. Daga can ƙasan moter take fitowa, mai nauyi, kamar ana daka a gidan maƙwabta. Da safe in na tayar da ita kaɗan-kaɗan ake ji. In ta yi zafi, ko na yi lodi na kama yashin hanyar Dakusa, sai dakan ya tsananta har ina jin sa a tafin ƙafata, allurar mai kuma ta yi ƙasa. Na juye baƙin mai, na tarar da garin ƙarfe yana ƙyalli a gindin kwano. Modu makanike ya saurara, ya girgiza kai, ya ce ba zai rantse ba sai ya buɗe cikinta, kuma ba zai buɗe ba sai da izinin mai ita.

To a nan gizo yake saƙa. Ni da surukina ba ma haɗa ido, balle mu zauna mu yi magana. In na hango shi a lungu, kwana nake yi. Ramlatu kuwa 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, ita ma ba ta da bakin magana a gabansa. Duk saƙona ta hannun ƙaninsa Baba Mai Nasara yake bi. Na ce ya gaya wa tsoho moter yana dab da mutuwa. Daga baya na ji abin da ya isar, wai yaro yana gaisuwa, kuma mota tana ɗan tari. Ɗan tari, Malam!

Amsar da ta dawo mini ita ce wai duk raƙumin da aka yi wa lodi sai ya yi ruri, shi wanda ya yi shiru yake tsoro. Aka haɗo ni da dunƙulen kanwa, wai in jiƙa in zuba mata a ruwan sha, domin haka ya saba yi wa raƙumansa in sun gaji. Na ajiye kanwar a ɗaki. Ranar Juma'a ina masallaci, Baba Mai Nasara ya zo ya karɓa a hannun Ramlatu, ya jiƙa, ya ɗura a radiyater da hannunsa, sannan ya wuce wajen hirarsa ta siyasa da mulkin kai. Yanzu ga daka a ƙasa, ga ɗigar ruwa a gaba.

Kada in ɓoye maka, bara na taɓa tayar da hankalin gida a kan wani fito da motar take yi, ashe igiyar fanka ce ta saki, Modu ya ɗaure ta a tsaye. Tun daga nan tsoho ya sa mini suna mai jin tsoron ƙarfe, kuma sunan ya bi ni har tasha.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, ya sa ranar tafiya Agadas bayan Sallah, cikin tsakiyar bazara. Za mu yi lodin gero, shi da kansa zai hau, kuma ya ce Ramlatu ta shirya ta je ta ga dangin uwarta. Kai ka san abin da yake bayan Tanut. In moter ya tsaya a can, babu Modu, babu inuwa, sai abin da ya rage a salka. In na ce ba zan tuƙa ba, na watsa wa uban matata ƙasa a ido a gaban Zango duka. In na tuƙa, wallahi ban yarda za mu isa ba. Na rasa yadda zan yi, Malam, ka faɗa mini.

Naka,
Shofer mai jin kunya, Zango

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Mu fara da ƙarfe, don shi ba ya jin kunyar kowa. Daka mai nauyi daga ƙasa, mai ƙaruwa da zafi da lodi, ga allurar mai tana faɗuwa, ga garin ƙarfe a kwano, wannan ba igiyar fanka ba ce. Ban ga motar ba, amma alamun nan duk suna nuna kusine, wato ɗan ƙarfen nan mai laushi da ƙafar fistan take juyawa a kansa. In ya cinye, ƙarfe ne yake dukan ƙarfe, kuma ƙarshensa ƙafar ta tsinke ta fasa cikin moter. Yau gyara ne, a kan hanyar Agadas kuwa asara ce. Kanwar kuma ka zubar da ita yau ɗin nan, ka ɗauraye radiyater da ruwa mai kyau har ya fito fes, sannan Modu ya nemo inda yake ɗiga.

Surukinka ba wawa ba ne, ka daina kallonsa haka. Mutumin da ya kai ayari Agadas ya dawo da shi ya san abin da ƙishirwa take yi wa mutum fiye da ni da kai. Kuma yana da gaskiya cewa ba kowace ƙara ce ciwo ba, kai da kanka ka nuna masa haka bara. Abin da ya ba ni haushi a wasiƙarka shi ne, har yau mutumin nan bai ji maganarka ba. Kai kana jin kunyarsa, ka aiki ƙaninsa wanda shi ma yake jin nauyinsa, maganar mutuwa ta isa a matsayin tari. Wanda aka gaya wa tari, maganin tari zai aiko.

Saboda haka ka sauya ɗan aike. Ka nemi sa'ansa, cikin tsofaffin da suka yi ayari tare, wanda zai iya yi masa tsiya a zaurensa ba a ji komai ba. Ka fara kai wannan dattijo wajen motar, ka nuna masa kwanon man nan. Roƙo ɗaya zai kai maka: tsoho ya fito ya saurari motarsa da kunnensa.

Ranar da zai fito, ka zagaya da motar ta yi zafi, ka tsayar a ƙofar gidansa, ka ɗaga murfin moter ka tsaya a bayansa, ka ga ba sai kun haɗa ido ba. Modu ya kafa sanda a jikin moter ta ƙasa, tsoho ya kara ɗaya bakin a kunne. Sai a riƙa cire wayar buji, wato fulogi, ɗaya bayan ɗaya ana mayarwa. In an zo kan mai ciwon, dakan zai lafa, in an mayar ya dawo. Kada wanda ya yi masa dogon bayani. Mutum ne da ya saba bin ƙafafun raƙumi yana latsawa har ya gano mai ɗingishi, kuma na tabbata bai taɓa ɗora wa gurgu kaya ya nufi arewa da shi ba. In ya ji da kansa, izinin buɗewa daga bakinsa zai fito, girmansa kuma yana nan.

In duk da haka ya ce sai an tafi, to ka aika masa da makullin cikin ladabi ta hannun dattijon, ka ce ba za ka tuƙa ba, matarka kuma ba ka ba ta izinin hawa ba, ko wa zai tuƙa. Zai yi fushi, za a yi da kai a tasha, wataƙila ma ka rasa aikin. Duk wannan dattawa suna iya zama su sasanta bayan Sallah. Amma Ramlatu a gindin matacciyar mota bayan Tanut, salka ta bushe, babu dattijon da zai sasanta maka wannan.

Allah ya sassauta zuciyar tsoho, ya ba Modu sa'ar aiki, ya kai ku Agadas lafiya a lokacin da motar ta warke.

Naka,
Malam Yusufu