Kaset ɗin da Ban Aika Ba

Zuwa ga Hanne,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kina cikin rahamarsa. Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba, babu gidan wayar da ke kai saƙo inda kike. Ko da kina raye ma ba karanta ta za ki yi ba, juya ta za ki yi ki ce kaji sun bi ta kanta. Rubutun ajin yaƙi da jahilci ne, wanda na yi wa wata biyar na gudu. Amma yau in ban faɗa miki ba, ban san wa zan fara faɗa wa ba, kuma ƙarfe huɗu na ta matsowa.

Ina London wajen ɗanki. Har yanzu ban iya kiran sunansa ba, Likita nake cewa kamar yadda kowa ke cewa. Wata uku ke nan da ya ɗauko ni don aikin ido. An cire yanar na dama, na hagu sai bayan Sallah. A Tottenham yake, hawa na uku, a wani flat da ko akuya ba za ki ɗaure a cikinsa ta sake ba. Sanyi kuwa ba a magana. Na ƙi sa rigar ulun da ya saya mini har sai da tari ya kama ni, sannan na sa ta a ƙarƙashin babbar riga don kada ya gani ya ce ya yi nasara.

Labarin gida, 'yarki Lami ta haihu mace, an sa sunanki, Ummi ake kiranta. Lemon da kika dasa a bayan ɗaki ya fara 'ya'ya bana. Ringim ta canza, Hanne. Kuɗin mai ya shigo, duk saurayin da kika gani da rediyo a kafaɗa, takalmin roba ya cika kasuwa, mu dukawa sai mai neman kuben wuƙa ke tsayawa wajenmu. Har yanzu ni ake aikowa a tambaya in an rikice a kan wane ne kakan wane. Duk wannan ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Yarinyar nan ce, 'yar Japan. Kin tuna sunanta da ya gagare mu, Kyoko, kika ce ke dai Kyauta za ki riƙa cewa. Har yau ɗanki bai aure ta ba. Shekara biyu da rasuwarki, bai aure ta ba, bai auri kowa ba. Jibi Asabar za ta hau jirgi ta koma ƙasarsu, kuma ba dawowa za ta yi ba. Yau da ƙarfe huɗu za ta zo yi mini sallama.

Ni ne sanadi, kuma ke kaɗai za ki gane yadda aka yi. Kin tuna rikodar da ya aiko mana, da yadda muke yi masa magana a kaset mu ba matafiyi? Kin tuna ranar da kika ce in tayar da ke zaune in kunna miki, lokacin ciwo ya riga ya ci ƙarfinki? Kin gaida shi, kin gaida abokansa ɗaya bayan ɗaya, kin yi masa faɗan rama. Sannan kika ce kin yafe masa, kin sa albarka, ya auri Kyauta in dai za ta riƙe salla, kuma ya gaya mata uwarsa na gaishe ta. Ni na danna maɓallin da hannuna, ina zaune ina cizon yatsa. Na ce miki na ba wani ɗan kasuwa mai tafiya Ingila. Ban ba kowa ba, Hanne. A ƙasan akwatin kayan aikina na tura shi, ƙarƙashin fatu. Sau uku kina tambayata ko amsa ta zo, sau uku ina ce miki hanya ce da nisa. Da ya zo gaisuwar rasuwarki ya tambaye ni ko kin bar masa wata magana, na ce ba ki bar komai ba. Na kalli idonsa na faɗa. Tun daga ranar yake zaton da fushinsa kika tafi.

Me ya sa na yi haka? Na ce wa kaina ina kare gida ne. Na san sunan kakanninmu har bakwai, na san wace ce ta haifi wa, daga wane gari aka auro ta. Ina zan sa wannan a jerin? In jikokina suka tambaye ni dangin uwarsu, wane gari zan nuna musu? Da aka ce mini ta musulunta na ce dabara ce. Gaskiyar kuwa ita ce an yanke shawara ban da ni, kuma kin san halina.

Da na zo nan na shirya in tsane ta, sai ta ƙi ba ni dalili. Tana aiki a ofishin wani kamfanin ƙasarsu mai sayar da rediyo, duk Lahadi takan zo. Tun a bakin ƙofa take cire takalmi ta juya bakinsa waje ta jera, har nawa take gyarawa. Ba ta durƙusawa, sai dai ta sunkuya har ka ji nauyinta. Da hannu biyu take miƙo shayi. Ba ta kallon tsakiyar idona. Ta kawo mana wata tukunyar lantarki mai dafa shinkafa ta kashe kanta da kanta, na ce ni ba zan ci abin da ba a tsaya a kansa ba. Kwana huɗu na yi ina cin burodi. A na biyar na ci, ban ce da kowa ya yi daɗi ba.

Abu ɗaya na riƙe a kanta, kuma na riƙe shi da ƙarfi don shi kaɗai na samu. Ta koyi Hausa daidai gwargwado, tana gaisuwa, tana tambayar jiki, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa ce mini Baba ba. Matan maƙwabta 'yan gida suna cewa, har Bayarabiyar da ke ƙasanmu tana cewa. Ita kuwa wata kalma take faɗa, Otosan, a hankali kamar mai tsoron ta fashe. Na ɗauka sunan da suke kiran bare ne, ko tsohon da ba a san inda za a ajiye shi ba. Lahadin da ta wuce, bayan ta tafi, na sauke wa ɗanki kwandon faɗa. Na ce ga irin tarbiyyar da yake so ya kawo mini gida, mace ta yi wata uku tana raina ni a gabansa yana kallo.

Bai ɗaga murya ba. Ya bayyana mini cewa a harshensu baba zagi ne, kalmar da marasa kunya ke jifan tsohuwa da ita. Ya ce tun farko ya gaya mata haka ake kirana, ta gwada a gabansa, bakinta ya ƙi, ta ce ba za ta iya kallon mahaifinsa ta furta wannan ba ko da a nan girmamawa ce. Otosan ɗin kuwa, da shi take kiran uban da ya haife ta. Wata uku tana ce mini uba, Hanne, ni kuma ina ƙirga mata laifi. Ko a wajenmu ai in ka ɗan karkata harshe baba ta koma mace, me ya hana ni tunanin haka? Kuma wa ya fi ni sanin akwai sunan da kunya ke hana baki faɗa, ni da shekara talatin da huɗu ban kira ɗana da sunansa ba?

A ranar ya gaya mini sauran. Ni a zatona duk mutanen waje ɗaya ne, yaro da yarinya su ga juna a bas su je su ɗaura. Ashe a wajensu gida ne ke auren gida. Ubanta ma bai so ba. Da ta nace sai ya rubuto cewa ba zai hana ta ba, amma sai gidan mijin sun buɗe baki sun ce suna son ta, don macen da ta shiga gidan da uwar miji ba ta karɓe ta ba, baƙuwa ce har ta mutu. Ita ma ra'ayinta ke nan. Ta ce wa ɗanki ba za ta zama dalilin da zai rasa iyayensa ba, kuma ba za ta roƙa ba, don a ganinsu abin da aka samu da naci ba ya zama lafiya. Shekara biyu tana jiran kalma ɗaya daga Ringim. Yanzu uwarta ba lafiya, uban ya ce jiran ya isa. Kalmar kuwa tana cikin akwatina, na taho da ita tun daga gida a naɗe cikin tsohon zanenki, ni kaina ban san dalili ba.

Akwai ranar da ta same ni ina ɗinke bakin jakata, basillata ta karye, na ajiye guntayen a gwangwani maimakon in zubar. Ta yi murmushi, ta haɗa Hausarta da hannu ta nuna mini cewa a garinsu mata masu ɗinki suna da rana guda a shekara da suke tara karyayyun allurai su yi musu godiya kafin su rabu da su. Na ce wannan ba addinina ba ne, ta ce ta sani, ita ma yanzu ba ta yi. Amma ta ce har rediyon da suke sayarwa, ubanta ya koya mata ba a dukansa in ya ƙi magana, ana buɗewa ne a ga abin da ke damunsa. Na tuna yadda nake marin rikodarmu kina hana ni.

To ga abin da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya Talata, da Likita ya tafi asibiti da safe, na ce bari in ji muryarki sau ɗaya kafin in yanke abin da zan yi. Rikodarsa ba irin tamu ba ce, maɓallan ƙanana ne a jere kamar haƙora, idona ɗaya a rufe, yatsuna kuma kin san su. Na danna, zare ya fara juyawa, shiru. Na jira, shiru. Sai na fara yi miki magana. Na ce ki yi magana mana, ko fushi kike da ni. Na ce na san na ɓoye, na san na yi miki ƙarya kina kwance, na yi wa yaron ƙarya. Har kuka na yi, ni da ban yi a gaban mutane ranar jana'izarki ba. Can na lura da wata 'yar fitila ja tana ci. Na tsayar, na mayar da zaren baya, na sake dannawa da yatsa ɗaya. Muryata na ji a inda sallamarki take. Maɓalli biyu na haɗa, har da jan. Na hau kan maganarki na goge.

Ban san iyakar ɓarnar ba. Na kashe tun kafin in ji ƙarshen tawa muryar, kuma tun ranar ban sake kunna kaset ɗin ba. Zaman da na yi bai fi na shan kofin shayi ba. Ke kuma, Allah ya ji ƙanki, ba kya gajarta gaisuwa, har mai gadin asibitinsu sai da kika tambaya. Watakila gaisuwar kaɗai na cinye, albarkar tana nan. Watakila kuma na cinye duka. Ban taɓa addu'ar Allah ya sa surutunki ya yi tsawo ba sai wannan makon.

Kin ga inda na tsaya. In na ba su kaset ɗin, abin da za su fara ji shi ne ni ina tona kaina ina kuka. In na ce zan goge nawa, da wane ido zan san inda zan tsaya ban ƙara cin naki ba? In na yi shiru, Asabar za ta zo ta wuce, ɗanki ya ci gaba da zama da fushin da ba ki yi ba. Yaya zai kalle ni in ya ji? Zai ƙara zama ya yanke mini farce kamar yadda yake yi duk Juma'a? Ita kuma, wadda ko rediyo ba ta duka, me za ta ɗauki tsohon da ya bar ta shekara biyu a bakin ƙofa?

Jiya na ɗinka wa kaset ɗin 'yar jaka da ragowar jar fatar da na zo da ita. Ɗinkin ya karkace, amma zai riƙe. Da hannu biyu zan miƙa mata, yadda take miƙo mini shayi. Ita zan ce ta kunna, ta fi mu sanin kan na'urar, kuma ba zan tashi daga wurin ba har tawa muryar ta ƙare. In taki ta biyo baya, alhamdu lillahi. In kuwa zaren ya juya babu ke, to maganarki tana kaina, ban manta ko kalma ɗaya ba, har inda kika tsaya kika yi tari. Zan faɗa musu da bakina, in ƙara da tawa a kai, in ce a rubuta wa ubanta cewa gidanmu na neman 'yarsa. Ban sani ba ko kwana biyu zai isa a warware abin da na ƙulla. Ban sani ba ko za ta yarda ta fasa tafiyar, ko ta je ta duba uwarta ta dawo.

Likita ya shigo tun ɗazu, yana ɗora ruwan zafi. Ga motsi a matakala, tafiyarta ce, ba ta taka ƙasa da ƙarfi. Yanzu za ta tsaya ta jera takalma, nata da nawa.

Ki yafe mini, Hanne. Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a inda babu ɓoye-ɓoye. Na tafi in amsa sunan da take kirana.

Naki, mai taurin kan da kika sani,
Ɗanjuma Baduku, baƙo a Tottenham