Na Tashi Daga Kujerar Sallah

Zuwa ga Hajiya Shugabar matan da ke tallan ƙwayoyin ƙarin lafiya a Tarauni,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya tare da iyali, ni ce tsohuwar malamar firamaren nan ta Gyaɗi-Gyaɗi da wakiliyarki ta ce bakina ya yi yawa. Tunda an shaide ni da shi, bari in more shi.

Na farko. Shekarun baya na zame a banɗaki, wuyan hannuna ya karye. A asibiti likita ta ce ƙashina ya zaizaye, yadda yake yi wa mata da yawa bayan al'ada ta ɗauke. Ta rubuta mini ƙwaya ɗaya duk mako: a sha da ruwa zalla kafin a karya, kada a kwanta, kada a ci komai sai bayan rabin awa.

Na biyu. Wakiliyarki ta zo Islamiyyarmu ta matan aure da kwalaben magnesiyam da kalsiyam. Ta ce in haɗa su da ƙwayar asibitin in kora da koko mai zafi, wai ƙarfinsu ya ninka. Ba ta tambayi abin da likita ta ce ba. Ni kuma da na tsufa ina ce wa yara su bi umarni, sai na bi daɗin baki. Wannan kason laifin nawa ne, na ɗauka.

Na uku. Wata da watanni ina wannan haɗi, sai bayana ya riƙe. Hoton asibiti ya nuna ƙashin baya ɗaya ya lotsa. Ruku'u ya gagare ni, na koma sallah a kujerar roba can ƙarshen sahu. Hajiya, na yi kuka, domin na zaci goshina ya yi sallama da ƙasa ke nan.

Likita ce ta gano bakin zaren. Ashe kalsiyam da magnesiyam da kokon duk suna tare ƙwayar a ciki, su hana ta shiga jiki, kamar ban taɓa sha ba. Ba ta ce kayanku guba ne ba. Ta ce mataimaka ne, suna da amfani ga ƙashi idan jiki ya rasa su, amma ba sa maye gurbin magani, kuma mai ciwon ƙoda sai da izinin likita. Ta mayar mini da kalsiyam bayan abincin rana, ta ce in nemi magnesiyam a wake da gyaɗa da zogale, in riƙa shan hantsi ina zagaya tsakar gida.

Na bi sau da ƙafa. Alhamdu lillahi, gwajin bana ya nuna zaizayar ta tsaya! Ranar Asabar da ta wuce na yi la'asar a tsaye a sahun gaba, na sa goshina a ƙasa, na tashi ba wadda ta kama ni. Bayan sallama matan nan har guɗa suka yi, malamar Islamiyyar ta yi kamar ba ta ji ba. Da wakiliyarki ta dawo kuwa, kowace mace sai da ta ce za ta fara nuna wa likitanta kwalbar.

Roƙona biyu ne. Ki umarci wakilanki su tambayi mai saye wane magani take sha kafin su buɗe jaka. Su kuma daina koya wa mutane haɗin da ba su da iliminsa.

Allah Ya albarkaci kasuwarki da halal, Ya ƙarfafa ƙashinki har tsufa. Kujerar dai na bar wa makaranta sadaka, ina fatan kada wata ta sake zama a kanta ta dalilinku.

Wassalam.

Malama Rabi,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.