Facin Nasiru Na Ƙarshe

Zuwa ga ƙanena Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Allah Ya yalwata maka makwanci. Inna tana nan Lambara, ta rage kuka, amma har yau ba ta bari a share ɗakinka ba.

Na rubuto ne in gaya maka yadda aka ƙare da facinka.

Ka tuna wahalar da ka sha kafin Inna ta gane aikinka. Ka ce mata akwai wata babbar manhaja a can cikin wayoyi da kwamfutoci, ita ke tafiyar da komai, mutanen duniya ke haɗuwa suna rubuta ta kyauta. Kowa na iya aika gyara, shi kake kira faci, amma ba ya shiga sai masu dubawa sun yarda. Naka gyaran na tsari ne kawai: layin da ya yi tsawo ka karya shi, tazarar da ta yi yawa ka rage. Inna ta ce ashe shara kake yi. Ka yi dariya ka ce, "Shara ta, Inna, amma gidan manya nika yin ta."

Sikila ta hana ka gona tun kana ƙarami. Mu muna fadama wajen albasa, kai kana zaure da tsohuwar kwamfutar da na samo maka a makarantar da nake koyarwa. In caji ya ƙare, ka hau kabu-kabu zuwa Bodinga neman wuta, ka dawo ƙasusuwa na maka ciwo.

Facinka na farko bai sha da daɗi ba. Wani mai dubawa ya ce ka cakuɗa gyara iri-iri wuri guda, ka rarraba su. Wani ya rubuta a gaban kowa cewa irin wannan gyaran ɓata wa mutane lokaci ne. Ranar ko tuwo ba ka taɓa ba. Na ce ka bar musu abinsu. Washegari na iske ka kana rarrabawa.

Burinka ɗaya, sunanka ya shiga wani abu da zai daɗe. Ka san jikinka, mu ma mun sani, ba ma dai faɗi.

Da damina ciwon ya tashi. Magani ya yi tsadar da Inna ta ce rabonta da irin wannan ƙunci tun ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, lokacin da Baba ke wuni a layin shinkafa da sabulu. Muka kai ka asibiti a Sakkwato. Kafin a samu jinin da ya dace da naka, ka cika.

Bayan an watse zaman makoki na buɗe kwamfutarka. Ga saƙo daga mai dubawar da ya ce ka rarraba, a kan facin da ka sake aikawa kafin ka kwanta: gyaran ya yi, saura ka sake bayanin da ke samansa ka aiko. Nasiru, saura layi ɗaya.

Na sake bayanin, na bar sunanka a matsayin marubuci, na aika, na gaya masa ka rasu. Ya yi mini ta'aziyya da ladabi. Sannan ya ce ɓangaren da ka gyara na wata tsohuwar na'ura ne da ba mai amfani da ita yanzu, kuma an riga an yanke shawarar cire shi gaba ɗaya. Facin ba zai shiga ba. Ba da daɗewa ba aka goge ɓangaren, na gani da idona.

Ban ga laifinsa ba. Na nemi wanda zan ji haushi, ban samu ba.

Wasu mata daga garin Dandin Mahe sun zo gaisuwa shekaranjiya. Na ji Inna tana gaya musu aikin ɗanta yana cikin kowace waya da ke hannunsu. Ina tsaye a bakin ƙofa, ban gyara mata ba.

Allah Ya jiƙanka, ɗan Inna. Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya karɓi aikinka yadda yake, Ya haɗa mu a Aljanna.

Yayanka,
Umaru