Takin da Na Zuba wa Dawar Likita

Landan,
Lahadi, 20 ga Oktoba.

Zuwa ga Yaya Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gida a Bakori. Yaya jikin Inna Amamata? Mun ji daɗi ƙwarai da kika ce ta fara takawa zuwa tsakar gida ba sai an riƙe ta ba. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ke kuma ya ba ki ladan jinyar mahaifiya. Mu nan lafiya lau muke. Matata Fadilatu ta koma aiki, 'yarmu Zarah kuma tana nan yadda kika bar ta, a yi mata Hausa ta amsa da Turanci. Ni ma ina nan ina fama da tuƙin bas ɗina a cunkoson titin Old Kent Road. Gidanki lafiya, duk Asabar nake zuwa in buɗe tagogi in kwashe wasiƙu.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, ga waya a hannun kowa. Sau huɗu ina kiran ki da niyyar faɗa miki wata magana, sai in ɓuge da tambayar ruwan sama da farashin masara, mu yi dariya in kashe. Shi ya sa na ce bari in rubuta in ba Shafa'atu, ƙanwar Fadilatu, tunda jibi za ta taho gida. Maganar a kan shukar bayan gidanki ce, wadda Turawa ke kira haidiranjiya, mu kuma muke ce mata dawar Likita saboda furenta da ke fitowa kamar zangarniyar dawa. Yaya Hansai, na yi mata ɓarna, kuma na yi miki ƙarya a kanta.

Ba sai na tuna miki abin da shukar nan take a wurinki ba. Ina tsaye a wurin ranar da marigayi Yaya Umar Faruq ya dasa ta, ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa, yana haƙa yana hutawa, na ce ya ba ni shebur ya ƙi. Bai ga furenta ba. Ke kika gan shi, kina zaman takaba, wata huɗu da kwana goma ba ki taka ƙofar gida ba, kullum na zo sai in tarar da ke a bakin tagar kicin kina kallon ta. Da za ki tafi a watan Mayu, abu ɗaya kika ce mini: in ba ta ruwa in an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba. Kin ce kin riga kin zuba mata takinta tun watan Maris, irin 'yan ƙwayoyin nan masu narkewa a hankali, kuma sau ɗaya ake ba ta a shekara. Na ce to. A raina kuwa dariya nake yi, ina cewa yau ni, wanda ya tashi a gonar Baba, matar Yaya ce za ta koya mini shuka.

A farkon Yuli sai na ga ganyenta bai yi mini duhu yadda nake so ba. Kin san idon manomin masara, da ya ga ganye ya ɗan yi fari sai ya ce yunwa ce. Na kuma ƙudura cewa zan ba ki mamaki, ki dawo ki tarar da ita ta wuce katanga, ki yarda ƙanin mijinki ba surutu kawai ya iya ba. Na yi odar takin zamani, yuriya, ta intanet, fara tas irin tamu ta gida. A cikin ɗan ɗakin ajiya, jikin ƙofa, akwai takarda da rubutun Yaya, ya rubuta cewa taki sau ɗaya ne a watan Maris, kada a ƙara, kada kuma a zuba a gindi. Na karanta ta, wallahi na karanta. Na ce Allah ya jiƙan Yaya, likita ne, amma tun muna yara shi ke fara gudu in an ce a ɗauki fartanya. Na sami sanda na huda ramuka uku a gindinta kamar yadda muke yi wa masara. A gida cikin marfin kwalba ɗaya muke ba kowane gindi, sai na yi lissafin cewa wannan ai ta kai gindi ashirin, na cika kofin shayi uku na juye, na rufe da ƙafa. Ko ruwa ban ba ta ba, na ce garin da kullum ake kukan ruwa ya yi yawa, gobe ma za a yi. Kwana goma sha shida ba a yi ko ɗigo ba, ga zafin da aka yi bana.

Asabar ta farko bakin ganyen ya ƙone. Ta biyu na tarar rabinsa a ƙasa, 'yan zangarniyoyin da suka fara fitowa sun yi baƙi sun langaɓe. Maman Dinatu, maƙwabciyarki 'yar Pankshin, ita ta leƙo ta katanga ta tambaye ni abin da na yi. Da na faɗa mata sai ta riƙe baki. Ta ce wannan ba masara ba ce da za a girbe bayan wata uku, saiwarta a sama-sama take kuma siririya ce, gishirin takin ya ƙone ta. Ta ce ko da ba ta ƙone ba, yuriya ganye kawai za ta sa ta yi, rassan su yi laushi, furen ya ragu. Ta sa na kwashe ƙasar da na zuba takin a ciki, na yi ta kwarara ruwa kwana da kwanaki don ya wanke sauran, sannan ta ba ni ruɓaɓɓen ganye daga nata lambun na shimfiɗa nesa kaɗan da gindin. Ta kuma ce in kira ki a ranar. Wannan ne kaɗai ban yi ba.

Yanzu ga abin da ya fi yi mini nauyi. A watan Agusta kika ce in turo miki hotonta ki nuna wa Inna. Ranar Juma'a ce, na fito daga masallacin Regent's Park, na ratsa ta cikin babban lambun shaƙatawa da ke kusa da shi, sai ga irinta sak ta cika da fure. Na matsa kusa yadda ba abin da zai fito a bayanta, na ɗauka na tura miki, goshina ko ƙurar sujada bai rabu da ita ba. Kika aiko da saƙon murya kina kuka, kina cewa ba ta taɓa yin kyau irin na bana ba, hannuna mai albarka ne, Yaya zai ji daɗi da yana raye. Kika ce kin zagaya da hoton duk gidan. Sau ɗaya na iya sauraren saƙon nan. Fadilatu ta ji shi, ta dube ni ta ce zuba takin kuskure ne, hoto kuwa ba kuskure ba ne. Kwana biyu ba ta zuba mini abinci da hannunta ba, kuma ban ga laifinta ba.

Har wani shaiɗancin na kusa ƙarawa. Watan jiya na je kantin sayar da shuke-shuke, na sami wata mai tsayi ɗaya da shukarki, na ɗora ta a keken kaya da niyyar in tumɓuke waccan in dasa wannan kafin ki dawo. Ina cikin layi sai na tuna da ɗan ƙyallen da ke ɗaure a babban reshenta, wanda Yaya ya yago daga tsohon rawaninsa ya ɗaure ta da sanda don iska. Na ga ke nan sai na kwance ƙullin da ya yi da hannunsa, in ɗaura a jikin baƙuwa, in tsaya in ga kina shafa shi. Na mayar da ita inda na ɗauko, na fito ina jin kunyar kaina.

Ga halin da ake ciki, ba ƙari ba ragi. Rassanta bakwai ne. Jiya ni da Maman Dinatu muka kankare bawon kowanne da farce. Biyar sun bushe ƙayau. Biyu akwai kore a ƙarƙashi, ɗaya daga ciki shi ne mai ƙyallen. Ta ce kada a sare komai sai ƙarshen sanyi, kada a zuba komai, sai watan Afrilu za a san ko za ta toho. Ba ta yi mini alkawari ba, ni ma ba zan yi miki ba. 'Yarki Nana Aisha ba ta sani ba tukuna, ina so uwarta ta fara ji kafin ita. In kin ce in miƙa wa Maman Dinatu makullin gidan, ba zan ce uffan ba. Ki yafe mini, Yaya Hansai. Ba don ban san darajarta ba ne, girman kai ne ya sa na ga na fi ku sani, ke da shi.

Ki gaishe mini da Inna Amamata da jiki, da Kawu da iyalinsa, da duk wanda ya tambaye mu. Fadilatu da Zarah suna gaishe ki. Akwai hoto a cikin ambulan ɗin nan, jiya na ɗauke shi, na ja da baya sosai don tagar kicin ɗinki ta fito a ciki. Babu fure ko ɗaya. Amma wannan ita ce wadda Yaya ya dasa.

Ni ne ƙaninki mai neman afuwa,
Zailani.